Ƙagewar kafaɗa da ƙugu: ciwon dattawa da ake ɗauka tsufa ne

Yau maganarmu a kan dattawanmu take, maza da mata, da wani ciwo da ke kama su a kafaɗu da ƙugu.

A ƙasarmu kafaɗa ita ce jari. Da ita ake jan guga daga rijiyoyinmu masu zurfi. Da ita ake sussuka da surfe da daka. Da ita ake tura hauyar tsaye cikin gonar hatsi, da ita ake ɗora dami bisa amalanke. Don haka in tsoho ya yi kukan kafaɗa ba wanda ke mamaki. Sai a ce masa: "Sannu Baba, aiki ne da shekaru." In tsohuwa ce a ce: "Inna, sanyi ne ya shige ki." Sau da yawa hakan ne. Gaɓar da ta yi shekara sittin tana aiki dole ta gaji.

Amma akwai wani ciwo dabam da ke ɓuya a bayan tsufa. Shi yana da magani, kuma maganin yana aiki da sauri. Sai dai maganin nan kamar wuta yake. A murhu ya dafa tuwo, a danni ya cinye gida.

Yadda yake kama mutum

Ciwon nan ba ya kama yaro ko saurayi. Sai wanda ya wuce shekara 50, kuma ya fi yawa ga masu shekara 70 zuwa sama. Mata sun fi maza kamuwa da shi, ninki biyu ko uku.

Ba ya zuwa a hankali kamar gajiyar tsufa. Cikin ƴan kwanaki ko sati biyu yake sauka. Tsohuwar da ke daka furarta da kanta a farkon wata, kafin ƙarshen wata ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Dattijon da ke zuwa kasuwar Bakin Birji bisa jakinsa ya kasa naɗa rawani, ya kasa sa riga sai an taimake shi. Kuma kafaɗu biyu yake kamawa tare, dama da hagu. Yakan haɗa da wuya da ƙugu da cinyoyi. Tashi daga tabarma ya zama aiki. Juyi bisa shimfiɗa cikin dare ma ya zama aiki, har barci ya gagara.

Babbar alamarsa ita ce ƙagewar safe. A nan muke so mu tsaya, domin da ita ake raba shi da ciwon aiki. Wanda ya wuni yana noma, da marece jikinsa ke ciwo. In ya kwanta ya huta, da safe ya tashi da dama-dama. Wannan ciwo kuwa akasin haka yake. Hutu ke ƙara shi, motsi ke rage shi. Da asuba mutum ya farka jikinsa a ƙage kamar busasshiyar fata. Ƙagewar tana wuce minti 45, wani lokaci har hantsi. Rana na ɗagawa jiki ya fara sakewa. Da azahar sai ka gan shi yana ɗan yawo cikin gida. Wannan ne ke sa wasu ƴan gida su ce raki ne, ko son jiki. Ba raki ba ne. Haka ciwon yake tafiya.

Yakan zo da kasala, da rashin cin abinci, da rama, da ɗan zazzaɓi marar ƙarfi. Wani zuciyarsa ta ɓaci, ya daina fita hira, domin mutumin da ya saba yi wa kansa komai bai jin daɗin a tashe shi a zaunar.

Me ke faruwa a ciki? A kewayen kafaɗa da ƙugu akwai wasu ƴan jakunkuna masu ruwa-ruwa. Su ke sa jijiya ta zame bisa ƙashi ba tare da guga ba. A wannan ciwo garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta, ita ce ke hura kumburi a cikinsu. Ƙarfin tsoka yana nan, zafi ne ke hana ta aiki. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. A ci abinci ƙwarya ɗaya da mai shi, babu komai.

Sunansa

Likitoci na kiran sa polimiyaljiya rumatika, ma'ana ciwon tsokoki da yawa. Wani likita a ƙasar Sikotlan mai suna William Bruce ya fara bayyana shi a 1888. Sunan da muka faɗa kuwa wani likitan Ingila, Barber, ya raɗa shi a 1957. An fi samun ciwon a arewacin Turai, ƙasashe irin su Suwidin da Norwe. A Afirka bai kai haka yawa ba, amma yana kama baƙar fata.

Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci sukan taƙaita sunan da harufa uku: PPR. To, a nan makiyayi zai ɗaga kai, domin ya san PPR. Ita ce cutar awaki da tumaki da ma'aikatan dabbobi ke yi wa allurar rigakafi. Harufan ne kawai suka zo ɗaya. Babu abin da ya haɗa su. In kun ga PPR a takardar kakarku, kada ku ce akuya ta shafa mata.

Kada a yanke hukunci a gida

Tun da ciwon ba shi da yawa a nan, dole a fara neman waɗanda suka fi shi yawa kuma suka yi kama da shi. Na farko a ƙasar kiwo irin tamu shi ne cutar da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda makiyaya da yawa ke kira bakkale. Mutum na ɗaukar ta daga ɗanyar madara, ko daga taɓa ɗan ɓari da mahaifa da hannu tsirara. Tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi. Akwai tarin fuka, wanda yakan shiga ƙashin baya. Akwai amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu har ya karkatar da su. Akwai ciwon maƙoƙo, akwai ma ciwon daji. Kowanne da maganinsa. Wuyan da ya sandare farat ɗaya kuwa, da zazzaɓi mai zafi da amai, wannan maganar sanƙarau ce, ba ta kwana a gida.

Saboda haka hanya ita ce a fara da CSI mafi kusa, ko a Gangara kuke, ko Olelewa, ko Falanko, ko Belbeji cikin ƙasar Tarka. Daga nan a nemi takardar zuwa wurin babban likita. Akwai asibitin gunduma a Tanut. In abin ya fi ƙarfin nan, sai babban asibitin ƙasa na Damagaram, wajen kilomita 140 kudu da Tanut.

A je da bayani a shirye. Yaushe ya fara? Gefe ɗaya ne ko biyu? Ƙagewar safe tana kai wane lokaci? Waɗanne ƙwayoyi aka riga aka sha? A tafi da kwalinsu ko ledarsu, kada a ji kunya. Likita ba alƙali ba ne.

Zai sa a yi awon jini. Ɗaya daga ciki ana rubuta shi VS. Ana zuba jini cikin siririn kwalba mai tsawo, a tsayar da shi awa ɗaya, a duba yadda jan jinin ya kwanta ƙasa. In akwai kumburi a jiki yana saurin kwantawa. Ɗayan kuma CRP. Waɗannan awo ba su faɗin sunan ciwo, kumburi kawai suke nunawa. Likita ne ke haɗa su da shekaru da alamomi, ya kore sauran cututtuka, sannan ya yanke.

Maganin

Maganin daga dangin kortizon yake, wanda aka fara ba marasa lafiya a Amurka a 1948. Sunansa piredinizon ko piredinizolon. A kwali kuna iya ganin Cortancyl ko Solupred. Ƙarfinsa ana auna shi da miligiram, ana rubutawa mg. Akwai ƙwaya mai 5, akwai mai 20. Ku lura da wannan lamba sosai, domin ƙwaya ɗaya mai 20 daidai take da huɗu masu 5.

Likita yakan fara da abin da ke tsakanin miligiram 12 da rabi zuwa 25 a rana, gwargwadon jikin mutum. Ana sha sau ɗaya, da safe, bayan an ci wani abu. Cikin kwana biyu zuwa sati ɗaya yawancin masu ciwon sukan ji kamar an kwance su daga ɗauri. In an yi sati biyu babu canji, a koma, domin wataƙila wani ciwo ne dabam.

Samun sauƙi ba warkewa ba ne. Kumburin yana nan kwance, maganin ne ya danne shi. Shi ya sa ake ragewa kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar da likitocin Turai da Amurka suka fitar a 2015 ta ce a sauko zuwa miligiram 10 cikin wata ɗaya ko biyu, sannan a dinga rage miligiram 1 kowane wata. Ku lissafa da kanku, za ku ga tafiyar ta kai shekara. Wasu sai shekara biyu, wasu fiye. Kusan rabin masu ciwon yakan motsa musu a kan hanya. In haka ta faru likita ya ɗan ƙara, in ya lafa a ci gaba da saukowa. Wanda ciwon ke yawan dawo masa, akwai wani magani da ake haɗa masa, metotirezat, mai buƙatar awon jini a kai a kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙwayar kasuwa

Yanzu ga inda muke jin tsoro. Dangin wannan magani suna nan a kasuwanninmu, cikin tire da kwali, a rana da ƙura. Wadda aka fi sani ita ce deksa. Wasu mata na shan ta don su yi ƙiba. Mai talla kuma yakan haɗa ta da ƙwayar kashe zafi ya ƙulla a leda, ya ce maganin sanyi ne. Tsoho ya sha, gari ya waye ya ji garau. Ya sa albarka, ya aika jika ya ƙaro.

Ba mu ce ƙarya ya ji ba. Sauƙin gaskiya ne. Amma deksa ta fi piredinizon ƙarfi kusan sau 7, kuma ba mai auna masa. Ba mai duba jininsa. In bakkale ce ko tarin fuka ke cin sa, kortizon zai rufe zafin ya bar cutar tana yaɗuwa, domin yana raunana garkuwar jiki. In an haɗa shi da dikilofenak ko ibufurofen, yana iya huda ciki ya sa zubar jini. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ya nufi asibiti a ranar.

Ko a hannun likita maganin yana da nasa haraji. Yana iya tada ciwon sukari da hawan jini. Yana kumbura fuska ta yi zagaye, mutane su ce an yi ƙiba alhali ba lafiya ba ce. Yana kawo yanar ido. Yana cin ƙashi a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara, har ƙaramar faɗuwa ta karya ƙugu. Bambancin shi ne likita ya san waɗannan, yana ba da mafi ƙanƙantar abin da zai yi aiki, yana awon sukari da hawan jini, yakan ƙara ƙwayar kalsiyum da bitamin D don tsare ƙashi.

Sai babbar doka: ba a tsayar da wannan magani rana ɗaya. Ga dalili. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da bai wuce girman babban yatsa ba. Aikinsa yin kortizon na jiki, wanda ke riƙe jini da ƙarfin mutum. In aka yi makonni ana shan na ƙwaya, sai su kwanta su daina yi. Ku dubi san da ya yi watanni bai ja wasaki ba. Ba a kai shi bakin rijiya a ce ya shayar da garke a ranar farko. Haka su ma, sai an tashe su a hankali. Wanda ya yanke maganin farat ɗaya yana iya faɗuwa da kasala mai tsanani, da amai, da jiri, jininsa ya sauka, har a rasa shi. Wannan doka ta hau kan mai shan deksar kasuwa ma. In ya daɗe yana sha, kada ya jefar yau don ya karanta wannan shafi. Ya je a tsara masa yadda zai sauko.

Zama da ciwon

Tun da tafiyar mai tsawo ce, gida duka ke yin ta. Abu na farko shi ne littafi. A samu ɗan ƙaramin littafi, wanda ya iya rubutu a gidan ya riƙe shi. Kowace rana a rubuta kwanan wata da miligiram nawa aka sha. A rubuta ranar da za a rage, da ranar komawa asibiti. In ƙagewar safe ta dawo a rubuta. Tsoho na iya mantawa ko ya sha, takarda ba ta mantuwa.

Kada a bari ƙwaya ta ƙare kafin a nemi wata. In saura ta sati biyu, a aika farmasi. Da damina hanya takan yanke, kuɗi kuma sukan yi wuya kafin kaka, to a yi tanadin tun ana da hali. Makiyayan da ke hawa arewa da dabbobi, wajen Tenhiya ko har Ingal, su gaya wa likita kafin su tashi, ya rubuta musu na dukan tafiyar. A ajiye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da hannun yara. In mai shan maganin ya kamu da amai har ƙwaya ba ta zama a ciki, ko zazzaɓi mai ƙarfi, a kai shi CSI a faɗa musu yana kan kortizon.

Wajen abinci, a rage gishiri da kanwa da dunƙulen magi a miyarsa. Sai shayi. Mun san Damargu da shayi, kuma mun san yawan sukarin da ke shiga ɗan buta kafin a kai kofi na uku. Ba mu ce dattijo ya bar majalisa ba. A zuba masa nasa kafin a sa sukari, ko ya tsaya a kofi ɗaya. In ya fara yawan ƙishirwa da fitsarin dare, a auna sukari. Abin da ke gina ƙashi kuwa muna da shi: nono, miyar kuka, zogale, riɗi, wake. Madarar dai a tafasa ta tukuna.

Kwanciya wuni guda ba ta da amfani. Da safe a ɗumama ruwa ya yi wanka, ko a gasa kafaɗun da tsumma mai ɗumi, ya zauna a hantsi. Sannan ya motsa hannuwa a hankali, ya ɗan taka. Aikin da zai yi ya bari sai jiki ya sake. In sauƙi ya samu yana iya komawa ga shuka, da tsinkar wake, da kiwon ƴan awaki kusa da gida. Jan guga da ɗaukar dami da hawan rumbu kuwa a bar wa yara, saboda ƙashi. Ga wanda tashi daga ƙasa ke wahalarwa, a sama masa kujera ko gado mai ɗan tsawo, da sanda, da fitila a kusa don fitar dare. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallarsa a zaune, malamai sun san da wannan sauƙi. Da azumi ana iya shan ƙwayar da sahur, amma a shawarci likita tun watan bai kama ba, musamman mai sukari.

Muna girmama wanzamai, sun daɗe suna yi wa jama'a aiki. Amma mai shan kortizon fatarsa ta yi laushi, miki ba ya saurin warkewa a jikinsa. Ƙaho da tsaga da sakiya ba nasa ba ne a wannan lokaci.

Ciwon kai da ba a kwana da shi

Wannan ciwo yana da ɗan'uwa mai haɗari. Cikin mutum 10 masu ƙagewar kafaɗa, 1 ko 2 sukan gamu da shi. Likitocinmu na kiran sa ciwon Horton, da sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1932. Kumburin ne ke shiga jijiyoyin jini na kai, har da wadda ke shayar da ido.

Alamunsa: sabon ciwon kai da mutum bai saba ji ba, yawanci a gefen goshi, tsakanin ido da kunne. Wurin ya yi zafi in an taɓa, har hula ko kitso ko matashin kai ya dame shi. Muƙamuƙi ya gaji ya yi ciwo in ana tauna nama ko goro, in an daina ya lafa. Sai ido: gani biyu-biyu, ko hazo, ko duhu ya rufe ido ɗaya na ƴan mintoci ya buɗe.

Duhun nan da ya buɗe shi ke yaudarar mutane, su ce ya wuce. Gargaɗi ne. In jijiyar ta toshe gaba ɗaya, idon ya tafi ke nan, ba ya dawowa, kuma ɗayan na iya bin sa cikin ƴan kwanaki. Ƙaramin awon da ake sha don kafaɗa bai isa ya tsare ido ba. Likita zai ba da mai yawa, miligiram 40 zuwa 60 ko fiye, nan take, tun kafin sakamakon awo ya fito. Alamun na iya zuwa a farkon ciwo, ko ana tsakiyar magani, ko bayan an gama.

Don haka in Baba ko Inna suka yi kukan irin wannan ciwon kai, ba a jiran ranar kasuwa a samu mota. Ba a jiran a gama girbi. A ɗaura amalanke ko a nemi babur a ranar, a ɗauki littafin da kwalin magani, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar shekarun mai ciwon, da maganin da yake sha, da abin da idonsa ya gani.